Mu da Bambar Motocinmu

Ranar kasuwa a Ikara ko a Maƙarfi, da wuya a watse ba a ji wannan ƙarar ba: ƙwas! Wata Golf ce ta zo fita daga tasha da baya ta sami hancin Sharon, ko kuma mai akori-kura ya taka burki saboda akuya, na bayansa ya same shi. Kafin direbobin su buɗe ƙofa mun taru. Mai rake ya bar bairo, mai shayi ya leƙo da ludayi a hannu, 'yan acaɓa sun kashe babura sun yi da'ira. Tambayar da muke fara yi, kuma wannan hali namu ina sonsa ƙwarai, ita ce, "Ba a dai ji ciwo ba ko?" In aka ce kowa lafiya, sai a yi hamdala, a ce Allah ya tsare gaba. Daga nan sai kowa ya sunkuya kan bamba.

Ga ta nan ta tsage daga kusurwa, kunne ɗaya ya saki tana reto, gilashin fitila ya watse a ƙasa. Ba a rasa wani dattijo a cikin taron da zai danna ta da yatsa, ya ji ta lotsa, ya girgiza kai.

"Kai, motocin yanzu! Wallahi da Fijo ce, ko kwarzane ba za ku gani ba."

"Gaskiyarka, Baba," in ji kowa, har da samarin da ba su taɓa riƙe sitiyarin 504 ba.

Wannan hira ba ta tsufa a wurinmu. Ana yinta a Tashar Yari, ana yinta a Paki, ana yinta a bakin gareji a Hunƙuyi bayan sallar la'asar. Kuma Baba bai yi ƙarya ba.

Peugeot 504 'yar gida ce a ƙasar Zazzau. A Kakuri, cikin Kaduna, kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a 1975, shekarar da 504 ta ci gasar tseren Safari a Kenya. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara ashirin bayan nan. Ita ce motar hakimi, ita ce motar sakataren ƙaramar hukuma, ita ce ta haya daga Zariya zuwa Kano, ita ce ta kai amarya. Akori-kurarta da ta yayarta 404 su suka yi ta fito da tumatir da tattasai daga fadamun Ikara, da rake da mazarƙwaila daga Maƙarfi da Kudan. Bambarta ƙarfe ne mai sheƙi, an ɗaure shi da noti a jikin mota. In an buge ta a hankali, ko dai ba abin da ya same ta, ko ta ɗan lanƙwashe. In ta lanƙwashe, mai gyaran bodi zai kwance ta, ya ɗora a kan kututture, ya hura mata wuta, ya bi ta da guduma. Wanda ya kawo mota da hantsi, da ita zai je azahar.

Sai dai mu ba don karo kaɗai muke kewar bambar ƙarfe ba. Ayyukan da muka ɗora mata sun fi haka yawa, kuma wanda ya ƙera ta bai san da rabinsu ba. A kanta karen mota ke taka ƙafa ya ɗaure kwandunan sama. A kanta yake tsayawa in wuri ya ƙare, ya kama ƙarfen bodi, a tafi da shi har kasuwa. Nan direba ke zama yana shan rake kafin mota ta cika. In batir ya ƙi, wata motar za ta zo ta baya, a rataya tsohuwar taya a tsakani, bamba da bamba, a tura har ta tashi. In mota ta mutu a hanya, a jikin bamba muke ƙulla igiya. Da damina kuwa, in ta kafe a laka a hanyar Gubuchi ko Likoro, majiya ƙarfi za su naɗe ƙafar wando, su sa hannu ƙarƙashin bamba, wani ya ja kabbara, a ɗaga bayan mota cak a ajiye a kan tudu. Duk ta ɗauka, ba ta taɓa gardama ba.

To, mota ta canza, hannunmu bai canza ba. Har yau in Golf ta kafe, abin da muke fara cafka shi ne bamba, sai ta ɓalle ta biyo hannun masu taimako, mai mota ya rasa ko godiya zai yi ko faɗa. Har yau akwai mai ƙulla igiya a ramin iskar gaba ya ce a ja. Alhali a yawancin motocin yanzu akwai wani ɗan murfi a jikin bamba, in ka ɓanɓare shi za ka ga rami mai zare, ƙugiyar da ake murzawa a ciki kuma tana cikin but, wajen tayar safaya. Nan aka tanada don ja. Direbobi da yawa sun shekara da mota ba su taɓa buɗe murfin nan ba, wasu ma ƙugiyar ta ɓace tun kafin motar ta baro Kwatano.

Akwai kuma maganar shekaru, wadda ba mu cika sa ta a lissafi ba. Golf ɗin nan da ta cika tashoshinmu, ta uku a jerin ƙirarta, a 1991 aka fara fitar da ita. Sharon kuma a 1995. Robar da ta sha sanyin Jamus shekara da shekaru, ta zo nan ta sha ranar Maris da Afrilu, ta sha hunturu, ai ta bushe ta zama ƙarmas. Sabuwar roba in an ɗan taɓa ta takan lotsa ta dawo. Tsohuwa kuwa tsagewa take yi, 'yan maɗaurai da ke riƙe ta su karye ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa in ka tsaya a bakin titi ka ƙirga, za ka sha mamakin yawan motocin da bambarsu ke ɗaure da waya, ko igiyar roba, ko kyallen atamfa.

Asalin zafin dai a aljihu yake, kuma ba na jin daɗi in na ji mai mota mai sanyi yana yi wa direban haya dariya a kan wannan. Taɓawar da a da ba ta wuce "yi haƙuri" ba, yanzu takan ci bamba, ta ci fitila, ta fasa lagireto da ke kusa da ita, sannan ga fenti. In motar Alhaji ce ta yayi, a cikin bambar akwai 'yan idanu masu ƙara in za ka taɓa bango, wata ma har da na'urar da ke auna tazara tsakaninka da na gaba, kowace da kuɗinta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi. Abin da ba a samu a gari ba sai an tafi Sabon Garin Zariya, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a yi ta juya tsofaffin bambobi ana neman wadda kunnuwanta ba su karye ba. Kwanakin da mota ta yi a gareji, direba bai kai balas ba, gida kuma ba a daina cefane ba. Mutumin da ke cikin wannan hali in ya ce ƙarfe ya fi, ya san abin da yake faɗa.

Yadda muke kashe maganar ma namu ne. Ba a cika kaiwa ga hukuma ba. 'Yan yuniyan za su shiga tsakani, ko wani mai furfura ya ce, "Kai ɗana, kai ka zo ta baya, kai ne da laifi. Kai kuma Malam, ka dubi Allah ka rage masa." A kira mai gyara ya yanka kuɗi, wani lokaci a raba biyu, wani lokaci a ce kowa ya gyara tasa, a yi musabaha. Takardar inshora tana cikin aljihun mota a naɗe, ba wanda ya tuna da ita. Tun Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga ƙaramar motar gida, kuma in ta gaske ce, an tsara ta biya ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan uku. Mu mun ɗauke ta takardar nuna wa jami'i a shinge. Sulhun namu yana da kyau, yana raya zumunci, amma sau da yawa talaka ne ke biyan abin da ya riga ya biya kuɗin a biya masa.

Ba mu kaɗai ke wannan ƙorafi ba. A Amurka sai da gwamnati ta sa doka: daga motocin 1973, in an buga gaban mota a gudun kilomita 8 a awa, kada fitilu da sauran kayan da tuƙi ya dogara da su su lalace. Motocin wancan lokaci suka fito da manyan bambobi masu nauyi. A 1982 aka sassauta dokar zuwa kilomita 4, da hujjar cewa nauyin yana shan mai yana ƙara tsada. Masu inshora a can sun daɗe suna kukan cewa ƙaramar taɓawa ta koma babban gyara. Ke nan in Baba ya ce an rage wa bamba ƙwari a ƙaramin karo, yana da shaidu har a ƙasar masu ƙera motar.

Inda nake rabuwa da majalisa shi ne in aka ɗauki wannan gaskiyar aka shimfiɗa ta har kan babban titi, aka ce tsohuwar mota ta fi tsare rai. A nan kam a'a.

Robar da muke dannawa da yatsa muna tsaki riga ce kawai. Duk wanda ya tsaya a gareji aka kwance ta a gabansa ya ga abin da ke ciki: wani soso mai tauri, a bayansa ƙarfe a gicciye, shi kuma ƙarfen yana zaune a kan 'yan akwatuna biyu da aka yi su don su murƙushe. Ƙarfin karo ba ya ɓacewa, dole ya sami inda zai sauka. In gaban mota ya ƙi lanƙwasa, zai wuce ya sauka a kan wanda ke zaune a ciki: ƙirji a sitiyari, gwiwa a ƙarfe, goshi a gilashi. Aikin gammo ne. Ba wanda ke raina gammo don ya lotsa a ƙarƙashin tulu, lotsawar ce amfaninsa. Wani injiniyan Mercedes mai suna Béla Barényi ne ya yi wa wannan dabara rajista a 1952, ta gaba da baya su murƙushe, ɗakin fasinja ya tsaya ƙyam, aka fara ganinta sosai a motocin kamfanin na 1959.

A 2009 cibiyar masu inshora da ke gwajin motoci a Amurka ta yi abin da zai dace a nuna a kowace tasha tamu. Ta ɗauko Chevrolet Bel Air ta 1959, jibgegiya, ƙarfe tun daga hanci har wutsiya, ta haɗa ta gaba da gaba da Chevrolet Malibu ta 2009, kowace tana gudun kilomita 64 a awa. Tsohuwar ce ta ruguje har cikin ɗaki, sitiyari ya taso wa mutum-mutumin da ke mazaunin direba. Sabuwar gabanta ya tafi, amma ɗakin ya tsaya, abin da aka auna a jikin nata mutum-mutumin bai wuce yiwuwar rauni a ƙafa ba. Mu ma ba sai an kai mu Amurka ba. Duk wanda ya girma a gefen titin Zariya zuwa Kano ya san gidajen da wagon ɗin haya ta bar su da marayu, kuma a irin wannan rana ba wanda ke zancen bamba.

Abin da ya fi damuna a cikin halayenmu shi ne na walda. Mutum zai sayi mota, kafin ya sa mata lamba ya kai ta wajen mai walda.

"Oga, so nake ka yi mata gadi gaba da baya. Bututu mai kauri, irin na famfo."

"Alhaji, mai inci nawa?"

"Wanda in ɗan acaɓa ya goge ni, shi zai ji, ba ni ba."

Ana dariya, ana kunna janareta. Maganar kuwa gaskiya ce tsantsa, shi ya sa ba ta ba ni dariya. Shi zai ji. A Ikara da Maƙarfi da Kudan, abin da mota ta fi haɗuwa da shi ba wata motar ba ce. Babur ne ɗauke da mutum uku, mace da goyo a tsakiya. Yaro ne da ya fito daga makarantar allo da gudu. Manomi ne a kan keke da damin rake a gicciye. Tsayin bututun nan daidai ƙwaurin babba yake, daidai ƙirjin ƙaramin yaro. Roba da soso sukan lotsa su ba ƙafa hanya. Bututu ba ya ba kowa hanya. Mai mota ya tsira da fitilarsa, wani kuma an ɗauke shi zuwa wajen mai ɗori, ko asibitin Shika in abin ya yi muni, ya yi wata da watanni a kwance, kuma shi ne mai ciyar da gidansu. Ɗan acaɓan nan ba baƙo ba ne. In ka bincika, ɗan maƙwabcinka ne, ko ƙanen matarka.

Saboda masu tafiya a ƙasa ne Turai ta sa ido a kan gaban mota. Hukumar gwajinsu, Euro NCAP, tun kafa ta a 1997 tana auna abin da hancin mota zai yi wa ƙafa da kan mutum. Daga 2007 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sayar da gadin ƙarfe da bai ci irin wannan gwaji ba. Indiya, wadda titunanta suka fi kama da namu a cunkoson babura, ta umarci jihohinta su hana shi a Disambar 2017. Ɗaya daga cikin dalilanta ya shafi mai motar kansa: gadin da aka yi wa walda a jikin shasi yakan tsallake sassan da aka yi don su murƙushe, ya kai bugun kai tsaye cikin mota, yana kuma iya rikita na'urar da ke fitar da jakar iska. Wanda ya sa shi don ya tsare kansa, a babban karo ya rage wa kansa kariya.

Na san uzurin masu akori-kura da ke shiga daji, inda kututture da shanu suka fi mutane yawa. Nasu da sauƙin fahimta. Wanda ban gane ba shi ne na mai Corolla da ba ta wuce gida, masallaci da sakatariya.

Wani abin kuma a ɓoye muke yinsa, ba da mugun nufi ba. An yi karo, ƙarfen ciki ya lanƙwashe, soso ya farfashe. Mai mota ya ji kuɗin, ya ce a bar na ciki, a dai rufe. Sai a jefar da soson, ɗan gwangwan ya auna ƙarfen ya biya, a maƙala riga a kan iska, a fesa fenti. Mota ta fito tana ƙyalli, kowa na cewa Allah ya sanya alheri. Wata rana a sayar da ita ga wanda bai sani ba. Irin wannan motar ta rasa ƙwarin ta da, ta rasa dabarar ta yanzu. In za ka sayi mota a hannu, bayan ka ji injin ka duba giya, ka durƙusa da tocilan ka leƙa ta ƙarƙashin bamba. Ba ya cin minti biyu.

Robar nan dai ta buɗe wa yaranmu sana'ar da babu ita a zamanin 504, kuma kallon aikinsu yana burge ni. Yaro zai kife bamba a kan tayoyi biyu, ya wanke bakin tsagar, ya haɗa ta daidai. In lotsawa ce kawai, ruwan zafi zai kwara mata, ya tura da dunƙulen hannu ta ciki, ta dawo da ƙara, ɓas. In tsagewa ce, sai ya sa ƙarfe a garwashi, don wutar lantarki ba abin dogara ba ce, ya yanyanka 'yan guntayen waya ya lanƙwasa su, ya nutsa su cikin robar ta baya ɗaya bayan ɗaya, su ɗinke tsagar. Sannan ya yanko siririn yanki daga wata matacciyar bamba ya narkar a kai. Gwanin cikinsu ya san ba kowace roba ke kama kowace ba, yakan juya bayan bambar ya duba haruffan da aka buga a jiki, ko ya ɗan ƙona gefe ya shinshina. Kunnen da ya karye ma yakan ƙera masa sabo. In ya goge ya shafa foti aka yi fenti, sai ka sa hannu ta ciki kafin ka gane inda aka ɗinke. Kuɗinsa bai kai na zuwa Ƙofar Ruwa da dawowa ba.

Irin waɗannan yaran sukan ɗago da guntun soso a hannu, duk ƙura, su tambayi mai mota, "Kawu, wannan fa, a mayar ko a yar?" Yawancinmu cewa muke yi a yar, ai ba a ganinsa. Ni dai ina roƙo a riƙa cewa a mayar, in ya farfashe a nemo wani. A wajen masu tsofaffin kaya yana cikin abubuwan da suka fi araha, don ba kowa ke tambayarsa ba.